Wa Zai Tsare Rijiyar Bayan An Kashe Macijin?

Duk wanda ya taɓa zuwa Daura ganin rijiyar Kusugu ya san yadda abin yake tafiya. Za a shigar da ku ɗakin da aka gina a kan rijiyar, mai kula da wurin ya ba ku labarin tun daga farko, sannan a zura guga a ɗebo ruwa a miƙo muku. Ranar da muka je, mu biyar ne a mota ɗaya daga Kano, kuma a kan wannan ruwan kanmu ya rabu. Ɗayanmu ya sha, ya shafa a fuska, ya roƙi a cika masa gora zai kai wa mahaifiyarsa. Na biyu ya ja da baya, ya ce shi ba ya shan ruwan da ake neman tabarraki da shi babu dalili daga shari'a. Na uku ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, da rubutun barkwanci a kan macijin da ya san kalanda har yake gane ranar Juma'a. Mu biyun da muka rage muka sha don ƙishi ya dame mu. Har muka wuce Kazaure a hanyar dawowa gardama ba ta mutu ba.

Labarin kuwa tun firamare muka san shi. Baƙo ya taso daga Bagadaza, ya bi ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa makami, ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya nemi ruwa ta ce babu, domin akwai maciji a rijiya wanda ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya ari guga ya tafi, ya sare kan macijin, ya bar takalminsa ɗaya a wurin. Da aka gano shi ne ya yi aikin, Sarauniya Daurama ta aure shi, aka haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida tare da Biram suka zama Hausa Bakwai.

Masana tarihi sun daɗe suna juya wannan labari. Wasu sun danganta sunan Bayajidda da Abu Yazid, wanda ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a Arewacin Afirka ya mutu a shekarar 947, suka ce watakila mabiyansa da suka watse ne suka gangaro kudu da hamada. Wasu kuma, irin su Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, sun ƙi yarda cewa zuwan mutum ɗaya ne ya haifi ƙasashen Hausa. A ganinsu birane sun tsiro ne a hankali daga ƙauyuka, a wuraren da ke da ƙasar noma da tama da hanyar fatauci da duwatsun da mutane suke girmamawa. Labarin da kansa ma ya ba su goyon baya ta wani gefe, tunda baƙon ya tarar da gari da sarauniya da rijiya da maƙera tun kafin ya iso.

To, idan ba mu gaskata macijin ba, me ya kai mu Daura? Kuma wane haƙƙi rijiyar da labarinta suke da shi a kanmu? Wannan ita ce tambayar da muka kasa warwarewa a mota.

Bari mu fara da abokinmu da ya ƙi shan ruwan, domin maganarsa tana da nauyi, kuma masu son kayan tarihi sukan yi saurin kiran irinsa mai tsattsauran ra'ayi ba tare da sun saurare shi ba. Tirmizi ya ruwaito cewa a hanyar yaƙin Hunaini wasu sababbin shiga Musulunci sun ga wata bishiya da mushirikai suke rataya makamansu a kai don neman albarka, ana ce mata Zatu Anwaɗ. Suka roƙi Annabi (SAW) ya sanya musu irinta, ya tsawatar musu, ya kwatanta roƙonsu da na Banu Isra'ila da suka nemi Annabi Musa ya yi musu abin bauta. Akwai kuma ruwayar da Ibn Sa'ad ya kawo cewa Halifa Umar ya sa an sare bishiyar da aka yi mubaya'ar Ridwan a ƙarƙashinta, da ya ji mutane sun fara zuwa suna salla a wurin. Wanda ya san waɗannan ruwayoyi, in ya ga ana shafa ruwan rijiya a fuska ana neman haihuwa ko kasuwa, dole gabansa ya faɗi.

A ƙasarmu ma wannan gwagwarmaya tsohuwa ce. Littafin tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe ne da Barbushe a kan dutsen Dala, da Tsumburbura, da bishiyar da aka kewaye da katanga babu mai shiga sai shi, da baƙaƙen dabbobin da mutane suke kawowa a yanka. Littafin ya ce Sarki Tsamiya ne ya rusa wurin bautar, daga baya kuma a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka sare wata bishiyar da ake girmamawa aka gina hasumiyar masallaci a gurbinta. Kakanninmu sun sha wuya kafin su raba mutane da yanka wa dutse akuya. Ba za mu ce su yi haƙuri don muna sha'awar tsofaffin labarai ba.

Sai dai akwai wata ruwayar da ba a cika kawowa a irin wannan gardama ba, kuma ita ce ta fi kusa da batunmu, domin ta haɗa kufai da rijiya a wuri ɗaya. A hanyar yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, Annabi (SAW) da sahabbai sun bi ta Hijr, ƙasar Samudawa. Bukhari ya ruwaito cewa ya hana su amfani da ruwan rijiyoyin wurin. Ya ce a zubar da wanda aka ɗiba, a ba raƙuma ƙullun da aka kwaɓa da shi, su sha daga rijiyar da taguwar Annabi Salihu take sha. Ya kuma hore su da kada su shiga gidajen waɗancan mutane sai zukatansu na cike da tsoron Allah. Ya gyara musu yadda za su tsaya a wurin da abin da za su sha, amma ya bar duwatsun a tsaye. Suna nan har yau, kuma a 2008 hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin jerin kayan tarihin duniya, na farko daga Saudiyya. Alƙur'ani kuwa a wurare da dama ya umarci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda ƙarshen na gabansu ya kasance, kuma ba a duba abin da aka riga aka share.

Mu ba malamai ba ne, ba kuma fatawa muke bayarwa ba. Abin da muka fahimta dai shi ne, ana yaƙi ne da abin da zuciya take nema a wurin dutse ko rijiya. Shi dutsen bai yi laifin komai ba. Abokinmu yana da damar ƙin shan ruwan, kuma da ya nemi a cike rijiyar da ƙasa, da ya wuce abin da hujjarsa ta ba shi. Shi ma bai nemi haka ba. Da muka fito, shi ne ya fi kowa daɗewa yana yi wa mai kula da wurin tambayoyi.

Wanda muka fi jin tsoron halinsa, bayan mun yi tunani, shi ne na ukun, mai barkwanci, kuma muna faɗin haka ne domin halinsa shi ne halin yawancinmu 'yan boko. Ba ya rusa komai, ba ya tsanar komai. Ya dai gano cewa labarin ba gaskiya ba ne, sai ya ɗauka magana ta ƙare, wurin ya zama rami mai ruwa a ciki.

Mu da muke aikin rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan kuskure ciki da waje. Kana gyaran tsohuwar manhaja sai ka tarar da wani layi da wani ya rubuta shekara goma da suka wuce, da gargaɗi a kansa cewa kada a taɓa, kuma dalilin da ya bayar ba ya kan hanya ko kaɗan. Sabon ma'aikaci yakan goge layin don ya ga dalilin shirme ne. Washegari sai a wayi gari wani ɓangare can nesa ya daina aiki. Dalilin da aka rubuta kuskure ne, amma layin yana riƙe da wani abu da marubucinsa ma bai iya bayyanawa ba.

Haka camfi ya riƙe wurare da yawa. A ƙauyukanmu an daɗe ana cewa kuka da tsamiya gidan aljanu ne, kada a sare su, kada a kwana ƙarƙashinsu da tsakar rana. Ko mutum ya yarda ko bai yarda ba, ya duba gonakin da aka share tas ya ga waɗanne bishiyoyi aka bari a tsaye, kuma ya tuna cewa daga jikinsu miyar kuka da kunun tsamiya suke fitowa. Rijiyar da ake cewa akwai mai ita a ciki, yaro ba ya wasa a bakinta, ba a zuba mata shara. Har labarin Kusugu ma, in an cire takobi da aure, abin da ya rage shi ne gari mai rijiya ɗaya da dokar da ta hana ɗibar ruwa sai rana ɗaya a mako. Ba ma cewa wannan ce ma'anar labarin ta asali. Amma duk wanda ya taɓa zama a garin da rijiya take ƙafewa da rani ya san amfanin irin wannan doka, ya kuma san cewa maciji ya fi dogari iya tsare ta.

Wannan ba halin Bahaushe kaɗai ba ne. A ƙasar Ailan akwai dubban kufai na gidajen manoman dā, kewayayyu da tudun ƙasa, waɗanda mutanen karkara suka ɗauka gidajen aljanu ne, don haka ƙarni bayan ƙarni manomi yana zagaye su da garma ba ya taɓa su. Da imanin ya yi sanyi kuma manyan injinan noma suka shigo a ƙarni na 20, aka baje da yawa daga cikinsu. A 1999, lokacin da ake gina babbar hanya a yankin Clare, wani mai tattara tatsuniyoyi, Eddie Lenihan, ya tayar da magana a kan wata bishiya mai ƙaya da ake cewa matattarar aljanu ce. Aka gina hanyar, aka bar bishiyar, aka kewaye ta da shinge. Suna kuma da rijiyoyi masu tsarki kusan 3,000, inda ake ɗaura tsumma a reshe don neman lafiya, irin abin da malamanmu za su hana nan take. Limamansu ma a wasu lokutan sun hana.

Mu a nan mun kashe macijin, kuma da gaskiyarmu. Wa'azi ya yi aikinsa, makaranta ta yi nata. Abin da ba mu yi ba shi ne naɗa wanda zai gaje shi a bakin rijiyar. A Kano muna hawa adaidaita sahu mu ce a kai mu Rijiyar Zaki, ko Rijiyar Lemo, ko Tsamiyar Boka, ko Kukar Bulukiya. Mu nawa ne za mu iya nuna inda rijiyar take, ko mu faɗi wane zaki, wane boka? Sunayen sun zama tasha. Duk wanda ya hau manyan duwatsun Arewa ya ga sunayen 'yan makaranta da fenti da gawayi a jikinsu, ya kuma ga inda masu fasa dutse suka ci rabin tsauni suka sayar tifa-tifa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi haka don kare tauhidi. Sun yi ne don babu sauran abin da zai sa hannunsu ya yi nauyi.

Birnin Kudu a Jigawa misali ne da ya kamata ya dame mu. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu a jikin dutse, wasunsu marasa tozo, ba irin shanun da Fulani suke kiwo a yankin yanzu ba. Ke nan waɗanda suka yi zanen sun san wata irin saniya da ta ɓace daga wurin. A kusa da su akwai duwatsun da in an buga suke ƙara kamar ƙararrawa, da gurabun da bugun shekaru ya bari a jikinsu. Bernard Fagg, wanda ya yi nazarin wurin a shekarun 1950, ya rubuta cewa amare sukan je ɗaya daga cikin waɗannan duwatsu a ranar aurensu. Amaren ba su san wanda ya yi zanen ba, kuma ba don binciken tarihi suke zuwa ba. Amma muddin kowace amarya tana zuwa, dutsen na gari ne, kowa yana da uwa ko yaya da ta taɓa zama a inuwarsa. Allon gwamnati da aka kafa a bakin wuri ba ya yin wannan aikin.

Mun ga kuma yadda wuri yake zama idan labarinsa ya mutu gaba ɗaya. A Dabous, arewa da Agadas a Nijar, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya kai mita 5.4, kuma masana suna ƙiyasta sun kai shekara 6,000 zuwa 8,000, tun lokacin da wurin yake da ciyawa da ruwa. Daga bakin kowannensu an ja layi ya sauko zuwa wani ɗan ƙaramin mutum. Wanda ya ja layin nan yana da abin da yake nufi, kuma duk yaran garinsu sun san shi, kamar yadda yaranmu suka san takalmin Bayajidda. Yau sai dai a auna tsawon layin a ɗauki hoto.

Akwai wata dabara mai sauƙi da takan zo wa mutum a nan: tunda tsoro ne ya tsare wuraren, mu bar mutane da tsoronsu, mu da muka sani mu yi shiru. Wannan ba za mu yarda da shi ba. Na farko dai ƙarya ce, kuma raini ne, kamar muna cewa mutanen ƙauye ba za su iya kula da abinsu ba sai an tsorata su. Na biyu, camfi yana da waɗanda yake ci. Matar da ta shekara takwas ba haihuwa, aka ce ta kai baƙar kaza gindin kuka ta biya boka kuɗin da ya kamata ta kai asibiti, ita ce take biyan kuɗin gadin bishiyar. Mai farfaɗiya da aka ce ya taka 'ya'yan aljanu a bakin rijiya, aka hana shi magani, shi ma haka. Wanda yake son kuka ta tsaya da wannan farashi, to ba shi ne zai biya ba.

Hausawa suna cewa tsoro na daji, kunya ta gida. Watakila a nan mafita take. Da can mun ɗauki waɗannan wurare a matsayin daji, muna kaffa-kaffa da su don kada wani abu ya kama mu. Abin da ya rage shi ne mu ɗauke su a matsayin gida. Babu wanda yake tsoron ɗakin kakarsa da ta rasu, amma babu ɗan halak da zai zuba shara a ciki ko ya rubuta sunansa a bango. Kunya ce take hana shi, don ya san ɗakin wa ne. Kuma ba za a san ɗakin wa ne ba sai an ci gaba da ba da labarin.

To yaya za mu ba da labarin da ba mu gaskata ba, ba tare da mun yi ƙarya ba? Harshenmu ya riga ya tanadi kayan aikin. Muna da "wai", muna da "an ce". Bahaushe in ya ce wai akwai maciji a rijiyar, ya isar da abin da ya ji, bai ɗauki nauyin ingancinsa ba, mai sauraro kuma ya gane. Kakanninmu mata sun fi mu sanin wannan, shi ya sa suke buɗe tatsuniya da ga ta nan ga ta nanku, su rufe da ƙurunƙus, don yaro ya san inda aka shiga da inda aka fito. Matsalar Kusugu ita ce labarinta ya faɗo tsakanin tatsuniya da tarihi. A makaranta an koya mana shi ba tare da "wai" ba, muka haddace muka rubuta a jarrabawa, don haka da muka girma muka ji masana suna tantama sai muka ji kamar an yaudare mu, muka yar da shi gaba ɗaya. Da tun farko malamin ya ce mana ga abin da mutanen Daura suke faɗa game da asalinsu, ga kuma abin da masu bincike suka gano, da mun riƙe duka biyun. Kuma akwai gaskiya mai yawa a cikin labarin da ba ta dogara da maciji ba: cewa mata sun yi sarauta a ƙwaƙwalwar mutanen Daura, cewa maƙera suna da matsayi, cewa Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram da Daura sun ɗauki kansu 'yan gida ɗaya ko da suna yaƙar juna. Sarakuna sun yi amfani da wannan labari wajen sanin wa ke gaba da wa. Abin da mutane suka yi ƙarnoni suna faɗa game da kansu, shi ma abin tarihi ne, kamar ganuwa, kuma ya fi ganuwa saurin zubewa, tunda a kan tsofaffi yake tsaye.

Saura abokinmu mai gora. Mun ɗan tsokane shi a hanya, shi kuma ya ce shi bai ce ruwan yana maganin komai ba, tsaraba ce, kuma Hajiya 'yar Daura ce da aure ya kawo ta Kano shekara arba'in da suka wuce. Ko a zuciyarsa akwai wani abu bayan wannan, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma mai ƙin shan ruwan ya yi masa nasiha sau ɗaya ya bar shi. Da muka iso muka raka shi gida mu gaishe ta. Ta karɓi gorar ta ajiye a gefe, ba ta sha ba, ta ce, "'Yan nan, wa ya ba ku labarin?" Muka faɗa mata. Ta ce ai ya taƙaita muku, ta gyara zama ta fara daga zuwan baƙon gidan tsohuwa, da abin da tsohuwar ta ce masa, da yadda fadawa suka yi ta ƙaryar su ne suka kashe macijin har aka ce kowa ya kawo kan. Kowace jimla tana farawa da "wai". Mai barkwancin ne ya ciro waya ya ce, "Hajiya, don Allah a koma daga farko," ya danna ɗaukar murya. Ta ce to, amma sai bayan ta yi sallar isha'i.